Shanun Ɗan Fari

Duk garin Attantane, a ƙasar Mayahi, an san Inna ba ta taɓa kiran sunan Bube ba. Ɗanta ne na fari, ita kuwa Bafulatana ce ta ainihi, irin waɗanda suka gwammace su haɗiye garwashi da su buɗe baki su ambaci ɗan fari. In tana so ya zo sai ta yi gyaran murya. In magana ta kama dole ta yi zancensa sai ta ce “wancan”, kowa kuma ya gane. Har yaron ya yi gemu, ya bar ruga ya tafi haƙar zinariya can arewa, bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba. Matan gari kan tsokane ta, su ce wannan kunya ai ta yi yawa. Ita dai ta san abin da ke ranta. Son da take yi wa yaron nan ya fi ƙarfin baki.

Shanun da ke bayan bukkarta nasa ne. Ranar sunansa ubansa ya nuna wata jar karsana ya ce ta jariri ce, ita da duk abin da za ta haifa. Karsanar ta yi albarka, garke ya cika. Uban ya rasu, fari ya zo ya wuce, Inna ba ta sayar da ko maraƙi ba. Da Bube zai tafi ya tsaya bakin garken ya ce, “Inna, ga su nan.” Ba ta ɗaga kai ta dube shi ba, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Daga ranar nan shanun suka zama amana a wuyanta.

Ana nan sai ga wani sabon shiri da ake ce wa foroje ya sauka, wai maganin satar shanu. Kowace saniya za a maƙala mata lamba a kunne, a ɗauki hotonta, a rubuta sunan mai ita a cikin wani abu da 'yan boko ke kira blokcen, mutane kuma suka sa masa suna sarƙa. Rubutu ne da ba ya zama a biro ɗaya, wato ofis guda, na'urori da yawa ke riƙe da shi, kowace da irin nata, don kada wani ya tashi shi kaɗai ya goge. Sai dai sarƙar iri biyu ce, masu forojen kuma sun kasa tsai da shawara kan wadda za su ɗauka. Don haka suka ce a sa ɗaya a ƙasar Mayahi, ɗaya a ƙasar Tasawa, a ga wadda ta fi. Su gwaji suke yi, shanun mutane kuma su ne abin gwajin. Aka yi shela cewa nan gaba duk saniyar da ba ta da lamba ba za ta shiga kasuwa ba.

Inna ta shirya za ta kai shanun rajista, sai ga Na Allah, ƙanin mijinta. Shi ya daɗe da cinye nasa garken, ya koma gari yana bin dillalai da farar riga, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Ya ce mace ba ta shiga taron maza ita kaɗai alhali ƙanin mijinta na raye. Inna har ta ji daɗi, ta sa masa albarka.

Ranar rana ta buɗe kamar da gayya. An kafa rumfa a bayan kasuwa, wani saurayi ma'aikacin forojen mai suna Misbahu yana zaune da ordinata, wato kwamfuta, a cinya, gumi ya jiƙe masa riga. Sarƙar Mayahi ba ta san sauri ba. In ya shigar da saniya ɗaya sai ya zuba tagumi yana jiran dubban na'urori da ke warwatse a duniya su yarda an rubuta, wasu ma a ƙasashen da ba a taɓa ganin saniya mai tozo ba. Layi ya yi tsawo, dabbobi na kukan ƙishirwa, makiyayan da suka taso daga nesa suna tsaki. Kafin a zo kan Inna, haƙurin kowa ya ƙare.

“Inna, shanun ga naki ne?” in ji Misbahu, bai ko ɗago kai ba.

“A'a.”

“To na wa?”

“Na wancan ne.”

Ya waiwaya hagu da dama. “Wane wancan? Ina shike?”

“Shina arewa.”

“Ba matsala. Hwaɗi sunanshi in rubuta, ke ki sa yatsa a matsayin mai riƙo. Suna kawai nike so.”

Inna ta dubi ƙasa. Sunan na nan a kan harshenta, gajere, bai fi numfashi ɗaya ba. Amma ga maza baƙi sun zagaye ta, ga ƙanin miji a tsaye a kafaɗarta. Ta juya wajen Na Allah da ido, tana roƙonsa ya faɗa, tunda shi babu abin da ya ɗaure masa baki. Daga baya wani ya yi tsawa, ya ce in ba ta shirya ba ta ba mutane wuri.

Na Allah ya yi murmushi, ya sunkuya kan Misbahu, ya girmama shi da Faransanci. “Mushe, kada ka wahal da kanka. Ɗan hwarinta ne, ko nan za ka kwana ba ta hwaɗi. Ni ne baffanshi, ni ne uba yanzu. Rubuta Na Allah, in yaron ya komo a maida mashi abinshi.”

“Inna, kin yarda?”

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Misbahu ɗan birni ne, a wajensa shiru amincewa ce, kuma ga layi na jiransa. Ya rubuta. Na Allah ya dangwala yatsa, dubban na'urorin nan suka ɗauki lokacinsu suka shaida. Inna ta kora shanun gida tana faɗa wa kanta cewa rubutu rubutu ne kawai, ai duk duniya ta san masu su. Kunyar marar kunya asara ce, an daɗe ana faɗa, amma mai kunya shi ne na ƙarshen ji.

Damina ta wuce, shanu suka ci harawa suka yi ƙiba. Wata safiya Inna na tatsa sai ga Na Allah da wasu ƙarti da ya ɗauko haya, kowa da sanda. Bai ko yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce ya samu mai saye a Tasawa, garken duka.

Ta ajiye ƙwarya ta miƙe. “Na Allah, wasa kake ko? Ka san na wa ne.”

“Na san abin da anka rubuta,” in ji shi, ya ɗaga talho, wayarsa ta hannu, ya nuna mata. “In kina da magana ki tahi ki yi da sarƙa.”

Ta riƙe igiyar wata saniya, ɗaya daga cikin ƙartin ya ɓamɓare mata yatsu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ya dubi fuskarta ba. Ta ruga wajen Arɗo. Tsohon ya saurare ta har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce shi shaida ne, yana wurin ranar da aka nuna karsanar, amma yanzu a kasuwa ba a tambayar Arɗo, lamba ake dubawa. Ya ce ta nemi yaron da ya rubuta. Ta hau amalanke zuwa Mayahi, ko ƙofar bukka ba ta ja ba.

Ta sami Misbahu a biro, fanka na juyawa a kansa. Ya gane ta, ya ba ta kujera da ruwa. Da ya ji labarin sai ya dafe kai, don ba mugun yaro ba ne, sakarci ne kawai irin na mai karatu da bai san ruga ba.

“Ɗana, kai ka rubuta. Ka goge.”

“Inna, wallahi ba ni iyawa. Ko babban darakta ba shi iyawa.” Ya jawo kujera kusa. “Bari in gwada maki. Tamu sarƙar kamar a ce kin yi magana gaban mutane dubu ne, kowa garinshi daban, ba wanda ya san wani. Ba mai iya sayen su duka, ba mai iya tsorata su duka. Shi ya sa take da nawa, sai kowa ya ji. Amma in sunka ji, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe. Ba mai juya shanun ga sai wanda ya sa yatsa.”

“Ko da ƙarya sunka ji?”

“Su ba su san ƙarya ba, ba su san gaskiya ba. Abin da anka hwaɗa masu suka riƙe.”

Inna ta ajiye ruwan da ya ba ta. Wannan ne abin da ake yabo, shaidu dubu da ba a iya ce wa ko ɗayansu ya ji tsoron Allah.

“Amma tsaya,” in ji Misbahu, idonsa ya yi haske. “Tasawa kinka ce za a kai su? To akwai hanya. Ta Tasawa daban take. Na'ura biyar ce tak, hannun mutum biyar, 'yan komite. Shi ya sa take da gudu, garke guda kan shiga kahin ki ƙihta ido. Kuma tunda su biyar ne, in mahi yawansu sunka yarda an yi kuskure, suna iya gyarawa. Kahin a sai da shanun dole a hidda su daga tamu a maida su tasu, tamu kau kin san nawarta. In kinka yi sauri kina iske su.”

Ta tashi tana godiya, har da ɗan guntun hawaye. Tana bakin ƙofa ta waiwayo, ta gan shi ya riga ya sunkuya kan ordinata yana bugawa da sauri, fuskarsa cike da murna. Ya ce wa abokin aikinsa wannan misali ne mai kyau ƙwarai, zai yi amfani a cikin rahoton kwatanta sarƙoƙin biyu. Inna ba ta gane duka ba, amma ta gane cewa bala'inta ya yi wa wani rana.

Ta kwana a tasha, da safe ta shiga taksin Tasawa, an cusa ta tsakanin buhunan wake. Ranar kasuwa ce. Tana shiga wajen dabbobi ta hango su, jajaye, an tsare su a gefe kusa da wata babbar kamyo, motar ɗaukar dabbobi, da aka buɗe bayanta. Ba a loda su ba tukuna.

Aka nuna mata rumfar komite. Shugabansu, Alhaji Muttaka, babban mai safarar shanu zuwa kudu, yana kishingiɗe kan kujera, dillalai sun kewaye shi. A gefensa wata budurwa mai suna Mardiya ke riƙe da na'urar, ita ke shigar da ciniki. Nan babu layi, babu jira. Mai saye da mai sayarwa su sa yatsa, abin ya yi ɗan ƙara, an gama. Kuma a kan tabarma, daf da ƙafar Alhajin, Na Allah ne zaune yana shan shayi. Nan take ta gane wane ne mai sayen. An gudu daga gara an tarar da zago.

Duk da haka ta durƙusa ta gaida shi, ta zayyana komai tun daga karsanar. Alhaji ya saurara yana sosa ciki. Mutum ne mai son nishaɗi, ranar kuma kasuwa ta yi masa kyau.

“An ce maki muna iya gyara? Gaskiya ne,” in ji shi. “Mardiya, bajimin nan nawa da anka rubuta hwari, alhali baƙi ne, gyara shi ta gani.” Ya kira mutum biyu a talho, kowa ya ce to. Mardiya ta taɓa, abin ya yi ƙara. “Kin gani? Mu nan ba mu da nawa irin ta Mayahi. To, baiwar Allah, wa ke da shanun?”

“Ɗana ne.”

“Wane ɗan? Komite ba ta gyara da ɗana. Suna.”

Na Allah ya yi dariya cikin kofin shayi. “Alhaji, ɗan hwari ne. Ka bar ta, ba ta iyawa.”

Dillalai suka matso, an samu abin kallo. Inna ta dubi shanun. Ta ji kamar ana tuɓe mata zane a tsakiyar kasuwa, amma ta buɗe baki.

“Bube,” ta ce, murya can ƙasa.

Alhaji ya sa hannu a kunne. “Mi? Kasuwa na da hayaniya, ban ji ba.”

“Bube.”

“Jama'a, kun ji? Ni dai kunnena ya tsuhwa. Ɗaga murya, Inna.”

Ta miƙe tsaye, ta ƙwalla da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba. “Bube! Bube ke da su! Bube ɗana!”

Wurin ya kaure da dariya. Wani dillali ya buga cinya ya ce yau ya ga abin da kakansa bai gani ba, Bafulatana na kiran ɗan fari kamar mai tallan nono. Wani ya ce a sa ta ta sake, abokinsa bai iso ba. Mardiya kaɗai ba ta yi dariya ba, ta sunkuyar da kai kan na'urar. Inna ta tsaya a tsakiyarsu, fuskarta jiƙe, tana jira a biya ta abin da ta sayar.

Alhaji ya share hawayen dariya da hannun riga. “To, mun ji. Amma ni kaɗai ba ni yanke hukunci, mu biyar ne, abin ga da tsari.” Ya sake ɗaukar talho. Na farkon da ya kira surukinsa ne, na biyun kuwa da motocin Alhajin yake kai nasa shanun kudu. Ya buɗe muryar talhon kowa na ji, ya ce wata tsohuwa ta zo da magana a kan garken da zai saya, ko suna ganin akwai kuskure? Duka biyun suka ce su ba su ga kuskure ba, kuma suka tambaye shi ya gida.

“Kin ji da kunnenki,” in ji shi. “Sarƙar Mayahi, wadda duniya duka ta shaida, ta ce na Na Allah ne. Mu wa muke da za mu ƙaryata mutum dubu?”

Daidai nan na'urar ta yi ƙara. Mardiya ta ce a hankali, shanun sun fito daga ta Mayahi, sun shigo. Na Allah ya ajiye kofi ya miƙa yatsa, Alhaji ya miƙa nasa. Inna ba ta gama jan numfashin da za ta yi magana ba aka ce an gama. Nawar waccan sarƙa ta ba ta kwana guda na sa rai, saurin wannan ya ƙwace shi a gaban idonta.

Aka fara lodi. Ta tsaya tana kallo ana murɗa wutsiyoyinsu, ana dukansu suna hawa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya kula da ita. Da kamyon ta tashi, Na Allah ya biyo ta gefenta yana gyara hula, ya ce in tana son kuɗin mota ta yi magana, shi ba ya ƙin zumunci.

Ta koma Attantane bayan la'asar. Bayan bukka babu komai sai turaku da kashin shanu da bai gama bushewa ba. Ta zauna a kan turmi, ba ta hura wuta ba. Can sai ɗan talhon da ke ƙulle a bakin zanenta ya yi kuka. Ta san mai kira, mutum ɗaya ne ke da lambar. Ta kwance da ƙyar ta kara a kunne.

“Inna?” Muryar Bube ce, daga nesa, iska na kaɗawa a bayanta. Bai tambayi lafiyarta ba. “Baffa ya kira ni. Ya ce ya sai da shanu, wai ke kinka ba shi su gaban ma'aikata. Na ce ƙarya ce. Inna, ce mani ƙarya ce.”

Bai jira ta ba, ya ci gaba.

“Ya ce an tambaye ki na wa ne. An ce ki hwaɗi suna kawai. Haka ne?”

“Haka ne,” in ji ta.

“To mi kinka ce?”

Ta so ta gaya masa Mayahi, ta gaya masa Tasawa, ta gaya masa abin da ta yi yau a gaban dillalai. Amma ta yaya uwa za ta dubi ɗan farinta, ko a talho ne, ta ce masa ta yi ta ihun sunansa a kasuwa? Kunyar ta dawo ta zauna mata a wuya, daram, kamar ba ta taɓa tashi ba.

“Ina cikin rami ina haƙa, ina cewa ina da uwa, ina da garke,” in ji Bube, muryarsa ta karye. “Tun ina yaro nike cewa al'ada ce, nike ba kaina haƙuri. Ashe dai da gaske ba ki son ambatona. Ko da za a kwashe duk abin da nike da shi.”

“Wancan...” ta fara, don ba ta da wata kalmar.

Ya yi wata gajeriyar dariya mai ɗaci. “To, Inna. Wancan ya ji. Kada ki jira shi bana.”

Layin ya yanke. Ta daɗe riƙe da talhon a kunne tana sauraron shiru. Ba ta iya kira ba, shi ne kullum ke kira.